Kalar fentin kicin: a fara tambayar murhu da mai girki

Shekaranjiya na je barka gidan 'yar yayata a nan Kano. Wata goma sha ɗaya ke nan da muka kai ta, kuma ina cikin waɗanda suka yi mata jere, don haka na san yadda kicin ɗinta yake ranar da muka shirya kaya: fari ƙal daga sama har ƙasa, kowa ya shigo sai ya ɗauki hoto. Da na miƙe zan shiga in ɗora ruwan zafi sai ta riƙo hannuna, ta ce, "Anti, zauna a ɗora miki." Na shiga duk da haka. Bangon da ke bayan abin girki ya rine, ɗige-ɗigen manja sun kai tsayin kafaɗa, gefen taga kuma wani baƙin layi ya hau har silin. Inda ta yi ta dirza da soso fentin ya murje, siminti na leƙowa. Ta biyo ni, murya ƙasa-ƙasa: "Wallahi Anti, kullum sai na goge."

Na yarda da ita. Abin da ya hana ni barci shi ne na san abin da wasu 'yan barka za su tafi suna faɗa: yarinya ƙarama amma ƙazama. Alhali ba ita ta zaɓi kalar ba, ba ita ta zaɓi irin fentin ba, ranar da aka shafa ma tana gidan ubanta ana mata lalle. Mata nawa ne ke ɗauke da sunan ƙazanta saboda bokitin fentin da wani ya sayo?

Yadda abin yake faruwa kowa ya sani. Ango ko mai gidan haya zai kira mai fenti, a sayo manyan bokitai na kala ɗaya, a bi falo da ɗakin kwana da kicin da shi gaba ɗaya. In ma an tsaya zaɓe, to wani hoto ne aka gani a Instagram, kicin ɗin Turkiyya ko Dubai, a ce "irin wannan nake so." Ba a lura cewa a hoton akwai injin zuƙe hayaƙi a kan abin girki, akwai wutar da ba ta ɗaukewa, kuma ba a soya tattasai da attaruhu cikin manja sau biyu a rana a wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da za ta tsaya a ɗakin nan safe, rana da dare ita ya kamata a fara tambaya, kuma tambayar farko ba kala ba ce. A tambaye ta da me za ta yi girki.

Iyayenmu ba su sha wannan wahalar ba, domin madafarsu a tsakar gida take, hayaƙi na fita ta ko'ina. Rufin ya yi baƙi da kunkunniya, babu mai zargin kowa, in damina ta wuce a sake yaɓe, mai hali ya bi da farar ƙasa. Mu kuwa mun shigar da madafa cikin gida, mun rufe ta da silin, mun bar mata taga ɗaya kamar ta banɗaki, sannan muna girkin da suke yi. Aka ce ai gas ake amfani da shi yanzu. Gaskiya ne, har sai ranar da ya ƙare. Tun daga 2023 da tsadar rayuwa ta tsananta, gidaje da yawa da na sani kurfoti ya dawo, wasu kuma risho. Gawayi in ya kama ba shi da hayaƙi sosai, amma kunna shi da leda ko kananzir shi ke baƙanta bango, ga toka da ke tashi in ana fifita. (Don Allah a kunna shi a waje, kuma kada a rufe taga yana ci a ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa.) Ko da gas zalla ake yi, suya tana tayar da maiƙo ya bi iska ya kwanta a bango. Hunturu ya zo, ƙura ta samu wurin mannewa. Wannan haɗin na maiƙo da ƙura shi ne dattin da ake gani, kuma a kan fari tas ya fi tona asiri.

Kada a ce tunda haka ne sai a koma kala mai duhu don ta ɓoye datti. Nan ne nake rabuwa da masu yayin ruwan toka. 'Yan shekarun nan duk sabon gidan da ka shiga ruwan toka ne, wani har ya kusa baƙi. A falo ban hana kowa ba. A kicin kuwa ban yarda ba, saboda haske. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, ruwan madara bai yi nisa da haka ba, amma ruwan toka mai duhu ko kashi 20 ba ya mayarwa, shanye sauran yake. A ƙasar da za a ɗauke wuta kina tsakiyar tuƙa tuwo, ki jingina fitilar waya a jikin kwano, wannan bambancin ba ƙarami ba ne. A ɗaki mai haske fitila ɗaya ta isa ki tsince wake, ki ga ko naman ya dahu, ki hango kyankyaso kafin ya kai ga murfin tukunya. A ɗaki mai duhu sai dai lalube. Kuma ruwan tokan ba ya ɓoye komai: maiƙo yana yi masa tabo mai ƙyalli, garin tuwo da farar ƙurar hunturu kuma suna fitowa a kansa ɓaro-ɓaro.

Ni dai zaɓina tsakiya ne: ruwan madara, ruwan ƙwai mai haske, ruwan ƙasa da aka tsinka sosai har ya yi kamar yashi. Dalilina mai sauƙi ne. Dattin kicin ɗinmu kalarsa tsakanin rawaya da ruwan ƙasa take, to bangon da ya riga ya karkata can ba ya nuna shi da wuri, kuma yana ba da haske. Kore mai haske ma yana kyau in tagar babba ce. Ja da ruwan goro masu ƙarfi ba na so, ɗakin da wuta ke ci a cikinsa a watan Afrilu ba ya buƙatar bango mai kama da garwashi. Ruwan hoda kuwa, wanda amare ke so, in maiƙo ya hau shi wata irin kala yake komawa mara daɗin gani.

Sai dai duk wannan maganar kala rabin zance ce. Irin fentin ya fi kalar muhimmanci, kuma nan aka cuci 'yar yayata. Emolshan na gama-gari aka shafa mata, wanda ba shi da sheƙi. Shi wannan shan mai yake kamar takardar ƙosai, in kin goge da ruwa sai ya biyo tsumma. Na kicin shi ne mai santsi da ake iya wankewa, wanda masu shago ke kira satin. Ƙasa-ƙasa da bayan abin girki kuma, in da hali a sa tayil har ya wuce kafaɗa. In babu, a koma dabarar makarantu da asibitocin da: fentin mai daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji da kala mai ɗan duhu, sama kuma mai haske. Wasu na ganin tsohon yayi ne, ni kuwa ban ga abin da ya kai shi amfani ba. Abu ɗaya kawai: farin fentin mai yakan koma rawaya da kansa in ya daɗe, musamman a lungun da rana ba ta kaiwa, don haka kada a saye shi fari da sa ran zai zauna fari. Teskot kuwa, mai ƙuraje-ƙurajen nan, kada ya kusanci kicin. Kowane ƙurji ma'ajiyar maiƙo ne, kuma soso ba ya shiga.

Iyayen gida maza, na san abin da za ku ce, kuɗi. Bari mu lissafa. Lita ɗaya takan shafe kusan murabba'in mita 10 a shafi ɗaya. Kicin mai mita 3 a tsawo da faɗi da bisa, bangonsa huɗu murabba'in mita 36 ne. A cire ƙofa da taga da inda kabet ya rufe, a ce 30. Shafi biyu, lita 6 ke nan, wato galan biyu na lita 4 har da saura na gyara. A gidan da aka kashe miliyoyi, galan biyu ba shi zai karya kowa ba. Araha ba ta ado, wanda ya yi tsimin galan biyu yau zai sake fenti baɗi. A kuma tsaya a kan mai aikin, don na taɓa ganin wanda ya tsinka fenti da ruwa har ya koma kamar kunu tsararo, da na yi magana ya ce, "Hajiya, haka ake yi." Ba haka ake yi ba, adadin ruwan da za a zuba yana rubuce a jikin bokiti.

Wata cutar ita ce gaggawar biki. A yi filasta Litinin, a shafa fenti Alhamis, a yi jere Asabar. Sabon siminti yana buƙatar kamar mako 4 ya bushe. In aka rufe shi da ɗanyensa, danshin zai nemi hanyar fita, fentin ya kumbura, wani farin gari kamar kanwa ya tsattsafo. Kowace kala kika zaɓa, haka za ta ɓare.

Akwai kuma maganar da na fi so a ji, ta dalma. Mu 'yan Arewa mun san gubarta tun 2010, lokacin da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara ta hanyar sarrafa dutsen zinariya a cikin gidaje. Ita ɗin ce ake sakawa a wasu fentin mai, kuma an fi samunta a rawaya da ja da ruwan goro masu kaifi. Amurka ta haramta ta a fentin gidaje tun 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babu wani adadinta da ba ya cutarwa, ƙwaƙwalwar yara ta fi taɓawa. Kicin ɗakin abinci ne, yara na rarrafe a ciki, suna ɓantarar bango suna kaiwa baki. A karanta jikin gwangwani, a nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma. Fentin da aka ɗura a galan mara suna a bar wa mai shi. In za a kankare tsohon fentin mai, a fitar da yara da kayan abinci, a jiƙa bangon don kada ƙura ta tashi.

Kafin a sayi galan, a gwada. Kalar da ke jikin takardar shago ba ita za ki gani a bango ba, in ta bazu takan fi ƙarfi. A shafa kamar faɗin faranti a wuri biyu, kusa da taga da kuma lungu, a bari ya bushe, a duba da hantsi, da la'asar, da dare. Ƙwan fitila ma yana canza ta. Wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa fari ne mai ɗan shuɗi, na 3000K kuma rawaya-rawaya ne, yana iya mayar da ruwan madara kamar ruwan ɗorawa. Da ƙwan da za ki zauna da shi za ki gwada.

Kafin in baro gidan na samu mijinta a waje na yi masa wannan bayanin. Yaron kirki ne, ya ce, "Wallahi Anti ban san da bambanci ba, abin da mai fenti ya rubuto na saya." Mun tsayar cewa bayan suna, in ta tafi gida wanka, za a wanke bangon da omo da ruwan ɗumi a cire maiƙon, a sa tayil bayan abin girki, a shafa satin, warin ya fita kafin ta dawo da jariri bayan arba'in. Na so ta ɗauki ruwan madara irin nawa, wanda shekara uku ke nan ina gogewa bai murje ba. Ta ce ita kore mai haske take so, kuma tagarta babba ce, tana kallon gabas. Gobe zan kai mata ƙananan gwangwani biyu mu shafa a bango ta gani da idonta.