Springsteen ya rera waƙoƙin mutane, ni kuma naji daɗin hakan

Jiya da daddare muka kusa yin faɗa da wani abokina a kan faifan baturen mawaƙin Amurka Bruce Springsteen ɗin nan na 2022, Only the Strong Survive, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abin da ke raina a tsanake tunda a can kowa ɗaga murya yake babu mai sauraren wani. Wanda baya jin kiɗa ya wuce abinsa lafiya, ba dashi nake ba.

Abokin nawa cewa yayi wai tsoho ne basira ta ƙare masa, ya rasa abin rubutawa sai ya koma kwasar waƙoƙin baƙaƙen fatan Amurka yana maimaitawa, kuma wai wannan tsohuwar ɗabi'ar turawa ce, baƙi su ƙirƙira farare su ci riba. To ni ban ce maganarsa babu tushe ba. Akwai tarihi a bayanta kuma tarihi ne mai ɗaci. A shekarun 1950 Little Richard zai fito da waƙa da zafinta, sai bature Pat Boone ya ɗauka ya wanke ta tas ya cire mata duk wani yaji, gidajen rediyon farare su riƙa sa tashi su bar ta mai ita, har tashi ta fi ta asalin hawa sama a jadawalin ciniki. Anyi wannan, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Amma abin da Springsteen yayi ba shi bane, kuma zan faɗi dalilina.

Da farko dai mutumin nan shekararsa 73 lokacin da faifan ya fito, ranar 11 ga Nuwamba 2022, kuma shi ne faifansa na 21. Shekara ɗaya kafin nan ya sayar wa Sony haƙƙin duk waƙoƙinsa, kuɗin da aka ruwaito ya kai wajen dala miliyan 500. Wanda ke da wannan a aljihu ba neman na cefane ne ya kaishi rera waƙar wani ba. Kuma duk wanda ya sanshi ya san abin da ya ɗaga shi shine alƙalaminsa, shi ke rubuta abinsa tun farkon shekarun 1970, labarin leburori da masana'antun da aka rufe da sojojin da suka dawo daga Vietnam babu mai kallonsu. Muryarsa kuwa ba'a taɓa sa ta a layin gwanaye ba, murya ce mai kaushi kamar ta wanda ya wuni yana kiran fasinja a tasha. Sai gashi a tsufansa ya ajiye alƙalamin, abin da yafi ƙarfi a kai, ya ɗauki abin da aka fi raina masa, yace shi wannan karon rerawa kawai yake so yayi. Kuma waƙoƙin da ya zaɓa na mutanen da ba'a haɗa murya dasu ne, David Ruffin, Levi Stubbs, Ben E. King, Aretha. Wallahi wannan ba hanyar mai neman sauƙi bace.

Ni yadda na san waɗannan waƙoƙin tun kafin in san wani Springsteen, kawuna ne, ƙanin mahaifiyata. Yana da garmaho a ɗakinsa na zaure da faya-faye cike da kwali, mu yara ba'a barinmu mu taɓa, iyakarmu mu tsuguna a bakin ƙofa. Ina iya tuna yadda yake zaro faifai daga rigarsa ta takarda, ya riƙe shi da gefen tafin hannu kada yatsa ya taɓa tsakiya, ya hure ƙura, ya goge da wani ƙyalle mai laushi da ya keɓe don wannan aikin kaɗai, sannan ya ɗora allura a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Sai kaji wannan 'yar ƙarar ƙas ƙas ƙas kafin kiɗa ya shigo. Ban san ko kalma ɗaya ta turanci ba a lokacin amma na san mutumin da ke cikin faifan nan wani abu na cinsa a rai. Samarin zamaninsu haka suka taso, soul, salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka, ta shigo ƙasar nan da ƙarfinta, James Brown da kansa yazo Najeriya a 1970. Don haka da naji Springsteen ya buɗe baki a kan What Becomes of the Brokenhearted ta Jimmy Ruffin, ni zauren nan na koma.

Yanzu ga inda nake ganin abokina bai duba ba. Ka kalli jerin waƙoƙin guda 15. Da riba yake nema da sai ya ɗebo waɗanda kowa ya haddace, My Girl, Stand By Me, irin waɗanda ake sawa a wajen biki. Bai yi haka ba. Akwai sanannu a ciki, eh, amma ya tono wasu da ko a Amurkan ma sai tsofaffin masu tara faifai ne suka sansu. Misali Do I Love You ta Frank Wilson, wadda ita ya fara saki. Labarin waƙar nan kaɗai ya isa rubutu guda. A 1965 aka ɗauke ta a kamfanin faifai na Motown, aka buga kwafi kaɗan na gwaji, sai aka fasa fitar da ita saboda Wilson ya koma ɓangaren rubutawa da shirya wa wasu waƙa, aka lalata kwafin, 'yan ƙalilan suka tsira. Shekaru bayan nan waƙar ta ɓulla a arewacin Ingila, wajen yaran ma'aikata farare da ke kwana suna rawa a Wigan Casino, masu abin da ake kira Northern Soul, ta zama kamar taken su. A 2009 aka sayar da kwafi ɗaya sama da fam 25,000. Faifai ɗaya fa, ɗan ƙarami. Mutum nawa ne cikin masu cika filin wasa don kallon Springsteen suka taɓa jin sunan Frank Wilson kafin 2022? Yanzu sun ji, kuma da yawansu sun je YouTube sun nemo ta asalin, ni kaina a nan na fara jinta.

Haka Any Other Way, haka I Forgot to Be Your Lover ta William Bell na kamfanin Stax da ke Memphis, haka Hey, Western Union Man. Sunan faifan ma kansa waƙar Jerry Butler ce ta ƙarshen shekarun 1960, wanda ake wa laƙabi da Iceman, mutumin da daga baya ya shiga siyasa ya shafe sama da shekara 30 yana kwamishina a gundumar Cook ta Chicago. Springsteen ya ɗauki waƙoƙinsa har biyu, wannan da Hey, Western Union Man ɗin. A wajenmu idan yaron makaɗi ya girma ya kafa nashi, in ɗan halak ne baya hawa fage sai ya ambaci ubangidansa, ya faɗi a hannun wa ya koya. Ni abin da naji a faifan nan kenan daga farko har ƙarshe. Ba ɓoye masu waƙar yayi ba, nuna su yake da yatsa.

Kuma bai tsaya a ambato ba, ya ɗauko Sam Moore na Sam & Dave, masu Soul Man, dattijo mai shekara 87 a lokacin, suka yi waƙa biyu tare. Alaƙarsu ba ta ranar bace, Moore yayi masa amshi tun a faifan Human Touch na 1992, kuma sun hau dandali tare a Madison Square Garden a 2009. Ka saurari Soul Days, wajen ƙarshe inda su biyun ke ta jefa wa juna sunayen mawaƙan da suka shuɗe, kamar tsofaffi biyu a kan dakali bayan la'asar suna lissafin abokan da suka rigaye su. Sam Moore ya rasu a Janairun 2025, Jerry Butler ya bishi a Fabrairu, wata ɗaya tsakani. Tun daga lokacin idan na sa waƙar nan bana iya yin wani aiki sai ta ƙare.

Wadda tafi kama ni duk cikinsu ita ce Nightshift. Ta Commodores ce, 1985, bayan Lionel Richie ya bar su kowa na cewa sun gama yawo, sai suka fito da ita har ta ciyo musu lambar yabo ta Grammy. Waƙar ta'aziyya ce ga mutum biyu da suka mutu a 1984. Marvin Gaye wanda mahaifinsa ya harbe shi ana gobe zai cika shekara 45, da Jackie Wilson wanda ya yanke jiki ya faɗi a kan dandali a 1975 a Cherry Hill, cikin jihar New Jersey, jihar su Springsteen ɗin, ya kwanta jinya sama da shekara takwas bai ƙara tashi ba. To ka ɗauki wannan waƙar ka sa a bakin mutumin da shima ya binne nashi makaɗan, Danny Federici mai organ a 2008, sai Clarence Clemons a 2011, babban baƙin nan mai busa saksofon da Springsteen ya jingina a kafaɗarsa a hoton bangon faifan Born to Run. Kusan shekara 40 suna tare. Idan yana rera Nightshift ba Marvin da Jackie kaɗai yake kira ba, kana ji a muryar. Shi yasa a zagayen da yayi na 2023 ya riƙa sa ta kusan kowane dare. Saurayi ɗan shekara 25 komai daɗin muryarsa ba zai iya ba ta wannan nauyin ba, sai wanda ya tsaya a bakin kabarin aboki.

I Wish It Would Rain ma haka. Wanda ya rubuta baitocinta, Rodger Penzabene, matashi ne da ya gano matarsa na cin amanarsa, ya zuba abin a takarda, Temptations suka fitar a Disambar 1967, kwanaki kaɗan bayan nan a daren ƙarshen shekara ya kashe kansa. Namiji ne ke roƙon ruwan sama ya sauko don kada a ga hawayensa. David Ruffin na Temptations ɗin ya rera ta kamar ana yanka shi. Springsteen bai kai shi ba, ko kusa, kuma ina ganin shima ya sani, don bai yi ƙoƙarin kwaikwayon kukan Ruffin ba, ya sauke murya ya rera ta a matsayin dattijon da abin ya daɗe da wucewa amma tabon na nan.

Amma fa ina da ƙorafi, kuma babba ne, a nan ne ma muka ɗan haɗu da abokina. Kiɗan. Furodusansa Ron Aniello shi ya kaɗa kusan komai, ganga, bes, jita, piyano, ɗaya bayan ɗaya a situdiyon gidan Springsteen da ke Colts Neck, aka zo aka ɗora masu busa da 'yan amshi da masu goge a kai. Aikin yayi tsaf, babu kuskure ko ɗaya, kuma matsalar kenan. Soul ba haka aka haife ta ba. A Motown, gidan da Berry Gordy ya kafa a Detroit a 1959 da rancen dala 800 daga danginsa, makaɗan da ake kira Funk Brothers a ɗan ƙaramin ɗaki suke cunkushe, gwiwa na gugar gwiwa, James Jamerson na jan bes mai ganga na jinsa yana bashi amsa nan take. A Stax ma haka, Booker T da mutanensa, baƙi da farare a ɗaki guda a garin da ko gidan abinci ba'a yarda su zauna tare ba. Wannan zufar da numfashin mutane a ɗaki ɗaya shi ke sa kaji waƙa na motsi kamar mai rai. Mutum ɗaya komai gwanintarsa ba zai iya ba kansa mamaki ba. A 7 Rooms of Gloom abin yafi fitowa fili, ta Four Tops kamar gini ke rushewa a kanka, ta nan kuwa komai na zaune a inda aka ajiye shi. Abin da ke bani haushi shine mutumin nan yana da E Street Band, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa iya kiɗa kai tsaye a duniya, kuma a ƙarshen 2019 ma tare dasu ya ɗauki faifan Letter to You cikin 'yan kwanaki, kowa na ɗaki guda. Me ya hana ayi haka nan? Na san lokacin kullen korona ne aka fara aikin, amma da an jira.

Sai maganar kuɗi da abokina ya tayar. Idan aka sake rera waƙa, kason da doka ta tanada na zuwa ne ga wanda ya rubuta ta da kamfanin da ke riƙe da haƙƙinta. Jerry Butler da William Bell suna cikin marubutan nasu waƙoƙin don haka akwai rabonsu, amma mawaƙin da rerawa kawai yayi, irin Jimmy Ruffin, iyalansa ba wani abu da zai shigo musu kai tsaye daga sabon faifan, sai dai in mutane sun koma sauraren na asalin. Wannan zalunci ne da ya girmi faifan nan, an gina masana'antar a kansa, kuma yana min ciwo. Amma ban ga yadda za'a ce Springsteen yayi shiru da waƙoƙin shine zai gyara shi ba. Shirun ma shi yafi cutar dasu.

Watannin baya naje gaida kawun nawa, yanzu ya tsufa sosai idonsa ma ba ya gani da kyau, garmahon ya daɗe da lalacewa amma kwalin faya-fayen na nan ƙarƙashin gado ya hana a taɓa. Na sa masa Turn Back the Hands of Time ta sabon faifan a waya, na kara masa a kunne. Yayi shiru yana kaɗa yatsa a kan gwiwa, can yace wannan ba Tyrone Davis bane, waye? Nace wani bature ne Kawu, sa'anka ne ma kusan. Ya gyaɗa kai yace to ya iya gaida manya, amma nemo min ta mai ita. Na nemo masa ta 1970 ɗin, muka ji ta sau uku kafin a kira magariba.