Su fara kwanciya a gadon kafin su zo kanmu

Gaskiya wannan labari na ɗaliban likitanci da ake sa su kwaikwayi marasa lafiya ya yi min daɗi. Ɗaya ya kwanta ya ce ƙirjinsa na ciwo, ɗaya ya yi ta masa tambayoyi yana auna jininsa, malami na gefe yana kallo, in an gama a faɗa wa kowa inda ya kauce. Ai ba yau aka fara ba, tun 1963 wani likita, Howard Barrows, ya soma irinsa a Amurka, sai dai shi ba ɗalibai ya sa ba, wasu mutane ya horar su kwaikwayi marasa lafiya.

Wallahi duk ɗalibin da ya taɓa kwanciya aka ɗaga masa riga mutane na tsaye a kansa suna ta zuba Turanci ba wanda ya ce masa ko sannu, to ranar da aka kawo masa wata dattijuwa daga Rigasa zai gaishe ta, ya ce Mama zan duba ki, ya ja labule tukuna, don iyayenmu mata kunya kan hana su faɗin ainihin abin da ke damunsu.

Allura da ɗinki dai a koya a jikin roba. Don Allah masu koyarwa a asibitocin Barau Dikko da Shika ku riƙa sa su yi da Hausa ma, tunda da ita za su yi aikin.