Tsuntsun da ake gadi a Ingila, a gawonmu yake cin rani

A wani ƙauye nan Ingila, ma'aikata suka zo da injin datse shingen gona, suka tarar da sheƙa ɗaya da ƙwai a ciki. Suka kashe injin, suka zagaye wurin da jan kirtani, suka kwashe kayansu. Shingen nan ba irin darninmu na kara ba ne, ƙayoyi ne rayayyu da aka dasa a jere, sun fi mutum tsawo, cikinsu duhu. Daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta ba a datse shi, kuma tun 1981 doka ta hana taɓa sheƙar da tsuntsu ke amfani da ita.

Abin ya burge ni, amma ya ƙona min rai. Da yawa daga ƙananan tsuntsayen nan, sanyi na shigowa sai su ƙetare Sahara su sauka wajenmu, suna cin ƙwari a kan gawo da aduwa da bagaruwa. Darbejiya da turaren da muke dasawa a bikin dashen itatuwa ba sa tsinana musu komai. Su kansu dashen, a ƙarshen damina ake sa su, saiwa ba ta kama ba rani ya shigo, awaki su ƙarasa sauran.

Kada a ce sai Bature ya koya mana. Wa ke taɓa gidan shamuwa a Daura? Kuma maganin yana ƙetaren iyaka kaɗan, wajen Matamaye da Maraɗi, inda sassaben zamani, wato rainon tohon kututturen itatuwa a gona, ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Lokacin sharar gona ba a tone kututture. A zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya tsage ruɓa ta shiga. A ɗaura jan tsumma a san da mai shi. Gawo ma ganyensa yake zubarwa da damina, ba ya tsare wa gero rana.

Sai dai manomin Ingila gwamnati na biyansa ya kula da shingensa, girkinsa kuma da gas ko lantarki. Matar da ke Mai'aduwa, da me za ta dafa tuwo? Muddin gas ya fi ƙarfin talaka, manomi zai ɗaura jan tsummansa da rana, mai gawayi ya bi dare da gatari.