Motar asibiti a Jos: ana sayen ƙarfe, an manta da mutum

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin hatsari a Farar Gada ko kan titin Bauchi ya san yadda abin ke kasancewa. Kafin ƙura ta lafa jama'a sun taru, ana salati, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wani ya ce a kawo ruwa a kwara wa wanda ya suma. Samari huɗu su cicciɓe shi, biyu a hannu biyu a ƙafa, kai na reto, a cusa shi cikin Keke Napep a ce wa mai keken ya taka wuta. Da zuciya ɗaya aka yi, Allah kuma zai ba da lada. Amma in ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗaukar kaɗai tana iya taɓa laka, mutumin da da zai tashi da ƙafarsa ya ƙare rayuwarsa a kwance.

Ban ga laifin samarin ba. Ba wanda ya taɓa koya musu, kuma sun san in suka tsaya jiran wani, jini zai ƙare kafin ya iso.

A takarda dai ba mu rasa komai ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin irin wannan jinya. A 2017 aka sa hannu kan dokar da ta ce a yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara shirin NEMSAS, wato tsarin jinyar gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, daga Abuja, wanda ya yi alkawarin ɗaukar majinyaci da kula da shi kyauta na awa 48 na farko. Ga lambar kiran gaggawa ta 112, ga 122 ta hukumar kiyaye haɗurra. Yanzu shiga Gangare ko Rikkos ka tambayi mutum goma wace lamba za su kira in mace mai naƙuda ta fara zubar da jini da ƙarfe biyun dare. Lambar maƙwabci mai mota za su ba ka.

Ranar 12 ga Yuli 2024, da ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Busa Buji, yara 22 suka rasu, sama da ɗari suka jikkata. Mutanen unguwa ne suka fara tono da hannu da shebur kafin manyan injuna su iso. Gwamnatin Filato ta umarci asibitoci su karɓi yaran ba kati ba kuɗi, kuma ta kyauta. Sai dai abin da aka ba da umarni a kai ranar, doka ta riga ta wajabta shi shekara goma kafin nan. Shekara goma ɗin nan kuwa ita ce tsakanin wannan rana da bama-baman kasuwar Taminus na Mayun 2014, inda aka riƙa kwasar mutane a bayan a-kori-kura. Garin da ya ga wancan bai kamata a same shi yana lalube ba.

Abin da ɗan siyasa ke so shi ne mota. Ana yi mata fenti, a manna hotonsa a gefe, a yanka ƙyalle gaban 'yan jarida. Bayan wata shida ka same ta a harabar asibiti taya ta sace, ko kuma tana aiki amma direba kaɗai ne a ciki, ba iskar oksijin, ba abin tsayar da jini, man ma sai dangin majinyaci sun zuba. Shi ya sa da yawa daga cikinmu in suka ji jiniyarta sai su ce an ɗauko gawa. Ba ƙarya suka yi ba, aikin da aka fi ganin tana yi ke nan.

Abin da ke mayar da mota motar ceto shi ne wanda ke zaune a baya tare da majinyaci. Shi zai ɗaure wuya kafin a ɗaga, ya danne jijiyar da ke tsartuwa, ya buɗe hanyar numfashi, ya danna ƙirji in zuciya ta tsaya, domin ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin 'yan mintuna in iska ta yanke. Shi zai kira asibiti tun a hanya ya ce a tanadi jini, ya kuma san cewa wannan rauni na asibitin koyarwa ne da ke Lamingo, kada a ɓata lokaci a ƙaramin asibiti. Daga Hawan Kibo zuwa cikin gari tafiya ce mai nisa ga wanda ke zubar da jini, kuma a cikin wannan tafiyar ake yin rai ko a rasa shi.

Wannan mutumin shi ne ba a kula da shi. Yana kwana a bakin aiki, yana taɓa jinin wanda bai sani ba, wani lokaci safar hannu ma da kuɗinsa zai saya. In majinyaci ya cika a hanya, shi dangi za su fara shaƙe wa wuya. Jos ta san haɗarin aikin lafiya tun tuni: a 1970 zazzaɓin Lassa ya kashe Dakta Jeanette Troup ta asibitin Jankwano bayan ta kamu da shi a bakin aiki. Wanda ke ɗaukar mai zazzaɓi da amai a bayan rufaffiyar mota ya cancanci kayan kariya, alawus na haɗari da matakin albashi nasa na kansa, ba a lissafa shi cikin 'yan rakiyar direba ba.

Za a ce babu kuɗi, likitoci ma suna ta ficewa waje. Gaskiya ne. Amma rabin rundunar tana nan, ba sai an ɗauke ta aiki ba. A Jos aka kafa Izala a 1978, kuma 'yan agajinta, da na Jama'atu Nasril Islam, da na Fityanul Islam, da Red Kuros da matasan coci-coci, suna kowace unguwa da kakinsu da tsarinsu. Su ke tsare sahu a Idi, su ke ɗaukar makara, su ke fara isowa in an yi gobara. A ba su horo na gaskiya wanda ake sabuntawa duk shekara, da jakar kayan aiki, da layi guda da zai haɗa su da motar da ta fi kusa. A haɗa da masu Keke Napep, tunda ko an so ko an ƙi su ne motar asibitin talaka.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa da ƙarfi ba. Tun rikicin 2001 gari ya rabu, akwai unguwar da wani ba zai shiga da dare ba saboda sunansa. Motar da Musa da Dung ke aiki a cikinta tare tana iya shiga Unguwar Rogo ta fito ta wuce Unguwar Rukuba. Wannan sai an tsara shi da gangan tun wajen ɗaukar ma'aikata.

Mu ma da namu. Ayarin mai girma na tafe da jiniya, kowa ya faɗa kwata don ya ba da hanya. Motar asibiti na kuka a cunkoson Taminus, wani ya bi bayanta don ya samu ya wuce. In kasafin lafiya ya zo gaban majalisar dokokin jiha, ina so in ji ɗan majalisa ɗaya ya ajiye tambayar motoci nawa aka saya, ya tambayi mutum nawa aka horar, nawa ake biyansu, kuma wa ke ɗaga waya in an kira da ƙarfe biyun dare.