Obataim a Ingila, buga-buga a gida

A irin ayyukan da yawancinmu muke yi a Ingila, wato kula da tsofaffi, lodin kaya a manyan ɗakunan ajiya, gadi, ko goge-goge a asibiti, da awa ake lissafin kuɗi. A watan Afrilun 2025 doka ta kai mafi ƙarancin abin da za a biya wanda ya cika shekara 21 zuwa fam 12.21 a awa ɗaya. Da zarar wannan adadi ya zauna wa mutum a kai, shi ke nan, komai ya koma lissafi. Barcin rana fam kaza ne. Kai wa ɗan'uwa ziyara a Leeds fam kaza ne. Zuwa suna ranar Asabar kuwa asarar duti guda ce sukutum. A ganina wannan lissafi ya fi sanyin ƙasar nan cin mutanenmu.

Abin da ke ƙara rura wutar shi ne canji. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 darajarta ta yi ta zubewa, har a 2024 fam ɗaya ya haura naira dubu biyu. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya kuwa, wanda aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne a wata. Ka raba shi a kan awoyin aikin wata, za ka samu wajen naira 400 a awa. A kan wancan canjin, awa ɗaya a nan ta haura naira 24,000 a takarda. Saboda haka idan manaja ta bugo waya da daddare ta ce wani bai zo ba, ko za ka rufe dutin gobe, kafin ka buɗe baki zuciyarka ta riga ta juya kuɗin zuwa naira, ta ga buhunan siminti, ta ga kuɗin makarantar ƙanne. Wa zai ce a'a?

Sai dai kuɗin ba haka yake isowa aljihu ba. Fam 12,570 na farko a shekara ne kawai ba a cire wa harajin samu, kuma mai cikakken aiki ya riga ya cinye wannan rangwame da awoyinsa na yau da kullum. Duk awar da ya ƙara a kai, wato obataim, ana zare kashi 20 cikin ɗari na haraji, da kashi 8 na inshorar ƙasa, ban da na fansho. Fam 12.21 ya dawo ƙasa da fam tara ke nan. Dutin awa goma sha biyu, wanda a wurare da yawa awa goma sha ɗaya ake biya don an cire lokacin hutu, ba ya kai fam ɗari a hannu. Daga ciki za ka cire kuɗin bas da abincin da ka saya a hanya don ba ka samu sukunin girki ba. Sauran kuma haya da harajin ƙaramar hukuma da kuɗin ɗumama ɗaki suna jiransa, kuma su da fam ake biyansu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun iso. Dokar Birtaniya ba ta tilasta wa kowa ya biya ƙarin farashi a kan obataim ba. A Amurka ne tun 1940 doka ta ce awar da ta haura arba'in a mako a biya ta ɗaya da rabi. A nan abin da ke cikin kwantiraginka shi ne naka. Wasu wuraren suna ƙarawa a ranar Lahadi ko ranakun hutun ƙasa, da yawa a harkar kula da tsofaffi kuwa awa ta sittin da ta farko kuɗinsu ɗaya. Har ma a 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa ma'aikacin da ke kwana a wurin aiki don ko-ta-kwana bai cancanci mafi ƙarancin albashi a kan awoyin da yake barci ba.

Ba cewa nake babu kariya ba. Tun 1998 akwai ƙa'idar cewa kada aiki ya wuce awa 48 a mako idan aka ɗauki matsakaicin mako 17, a samu hutun awa 11 tsakanin tashi da komawa, da minti 20 idan dutin ya wuce awa shida, da hutun shekara da albashi, wanda tun 2009 ya kai kwana 28 ga mai aikin kwana biyar a mako. Amma ita ƙa'idar awa 48 ɗin tana da ƙofar baya: ma'aikaci zai iya sa hannu cewa ya yafe ta. Wannan takarda takan zo ne cikin tarin takardun ranar farko, mutum ya rattaba hannu bai ma karanta ba. Doka ta ce ba za a kore ka don ka ƙi ba, kuma kana iya janyewa da sanarwar da ba ta gaza kwana bakwai ba, ko har wata uku idan haka takardar ta ce. Gaskiya ne. To amma wanda bizarsa ke ɗaure da sunan kamfani guda, wanda ya san idan aka sallame shi kwana 60 yake da su ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya tattara, da wane baki zai yi gardama? Gwamnati da kanta ta ce ta soke lasisin ɗauko ma'aikata na kamfanonin kula da mutane sama da 470 tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024, kuma bayan kowane lasisi akwai bayin Allah da suka kwana cikin zullumi.

A gida fa? Kada wani ya ce mini can ba a dogon aiki. Yaron shago a Kantin Kwari ko kasuwar Singa yana buɗewa da safe, ba ya rufewa sai dab da magariba, kwana shida ko bakwai a mako. Direban Adaidaita Sahu sai ya haɗa balas ɗin mai mashin kafin ya fara neman nasa. Tela a goman ƙarshe na azumi a kan keke yake sahur. Bambancin shi ne babu mai ƙirga musu awa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ambaci aikin ƙarin lokaci, amma ba ta sa masa farashi ba, ta bar wa yarjejeniya. Yaron shago ladansa yana gaba, ranar da ubangida zai sallame shi da jari, idan ubangidan mai tsoron Allah ne. Idan ba haka ba, shekarun sun tafi ke nan.

Duk da haka akwai abin da neman ƙarin kuɗi a gida ya fi na nan da shi, kuma a kansa na fi tsayawa. Ma'aikacin gwamnati da ke tashi ƙarfe huɗu yana da gona da damina, ko kejin kaji a bayan gida, ko rumfar POS da ya ɗora ƙaninsa a kai. Malamar makaranta tana sayar da atamfa da turaren wuta a waya, tana zubin adashi. Lokacin da Jihar Kaduna ta mayar da aikin gwamnati kwana huɗu a mako a watan Disambar 2021, noma na cikin dalilan da ta bayar a fili. Irin wannan buga-buga tana da rai: akuya biyu sukan zama shida, kwastoma yakan kawo kwastoma, ranar da ka kwanta ciwo ɗanka zai iya zama a shagon. Obataim ba ya haihuwa. Ranar da bayanka ya riƙe saboda ɗaga tsofaffi, ranar ya tsaya cak, ba ka da abin nunawa sai takardun albashi. Ƙa'idojin biza ma sun rufe yawancin sauran hanyoyi: ɗalibin jami'a awa 20 a mako aka yarje masa lokacin karatu, kuma ba a yarda ya yi sana'ar kansa ba.

Abin da ake biya da shi kuwa ba ya fitowa a takardar albashi. Na san gidajen da maigida ke dutin dare, uwargida na rana, saboda kuɗin renon yara a nan ba na wasa ba ne. A bakin ƙofa suke gaisawa, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Yaran suna tashi da Turancin makaranta da na talabijin, ka yi musu Hausa su amsa da kai. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su faɗo cikin duti ɗaya mai hutu ɗaya. Juma'a kuwa sai wanda ya roƙi a gyara masa jadawali. A Kano idan aka yi rasuwa a layi ana ja ƙofar shago a tafi jana'iza, ba mai neman izinin kowa.

Ni ban ce kada a yi obataim ba, ni ma ina yi. Kuɗin sabunta biza na iyali guda kaɗai ya isa ya sa mutum ya nemi ƙari. Abin da nake gani shi ne a sa masa suna da ranar ƙarewa: wata huɗu don kuɗin fili, ko don kujerar Hajjin Hajiya, in an cika a koma awa arba'in. Wanda ke yi ba suna, don kawai waya na ta ƙara daga gida, ba zai taɓa cika ba, domin buƙatar dangi ba ta da ƙarshen wata. Su ma 'yan'uwa a can ya kamata a riƙa gaya musu gaskiya, cewa dubu ɗari biyun da suka gani a alat tsayuwar dare guda ce cur, an yi wanka da canza wa wani tsoho ƙunzugu.

Wani abu kuma da ya kamata mu ji kunyarsa. Mu da muke bin takardar albashi layi-layi, muna rubuta wa manaja saƙo idan an manta da rabin awa, yawancinmu da kuɗin nan muka gina gida a Kano ko Zariya ko Gombe, muka ajiye maigadi. Yana nan dare da rana, babu ranar hutu, babu mai canjinsa, iyalinsa na ƙauye. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta ma shafe shi ba, domin ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Abin da muke tura masa a wata, a gidaje da yawa, bai kai abin da muke samu a awa biyu ba, kuma sau da yawa sai ya yi filashin ya tuna mana wata ya ƙare.