Kore a tuta ba kullum addini yake nufi ba

Masu sayar da tutoci sun saba da wannan: mai saye ya ɗaga tuta mai launin kore ya ce, "Ai wannan ta ƙasar Musulmi ce." Wani lokaci ya dace. Koren tutar Saudiyya da na Pakistan suna da alaƙa da addini. A ta Pakistan ma, farin da ke jikin sanda yana wakiltar 'yan ƙasar da ba Musulmi ba.

Sai dai launi ba shi da ma'ana guda da duniya ta amince da ita. Kowace ƙasa ce ke yi masa tata fassarar. Koren tutar Najeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, noma da albarkar ƙasa yake nufi. Na Ayilan kuwa na Katolika ne, ruwan lemo na Furotesta, farin tsakiya kuma zaman lafiya tsakaninsu.

Nan ne ɗan kasuwa ke iya shan kunya. Tutar Kwaddibuwa launukanta ɗaya da ta Ayilan, amma a juye: ruwan lemo ne a jikin sanda, kore a waje. Tela ya ɗinka aljihun sandar a gefen da ba shi ba, shi ke nan, kusan tutar wata ƙasa ka miƙa wa mutum. Ta Chadi da ta Romaniya ma sun fi rikita mutum, don shuɗin Chadi ne kawai ya ɗan fi duhu. Sai an shimfiɗa su gefe da gefe ake ganewa.