Ranar da na taka birki ya ce ba ya nan

Wata huɗu motar tana yi mini magana, ni kuma ina ƙara muryar rediyo. Sienna ce ƙirar 2006, irin wadda duk mai 'ya'ya biyar da dangin mata a Kano ya san darajarta. Da safe ta kai yara makaranta, da yamma ta ɗauko buhun shinkafa, ranar biki kuma ta zama bas ɗin unguwa. Da farko wani siririn kuka take yi idan na taka birki, tsiiii, kamar ƙofa ta matse ɓera. Uwargida ta ce, "Malam, motar nan fa kuka take." Na ce ƙurar bazara ce, damina na zuwa za ta wanke. Damina ta zo ta wanke komai, ban da kukan.

Ashe kukan nan da gangan aka yi shi. Masu ƙera fad ɗin birki, wato abin da ke matse faifai don mota ta tsaya, suna maƙala masa wani ɗan harshen ƙarfe, idan namansa ya cinye ya rage milimita 2 ko 3, sai harshen ya fara gogar faifan da ke juyawa tare da taya. Wato sallama motar take yi mini cikin ladabi, ni kuma ina amsa mata da labaran ƙarfe bakwai.

Ladabin ya ƙare ranar da muka ɗauki surukata zuwa ɗaurin aure Zariya. Daf da Kwanar Ɗangora wata tirela ta rage gudu a gabana, na taka birki, sai ji muka yi gurrrr, sitiyari yana karkarwa a hannuna kamar mai masassara. Hajiya ba ta yi mini magana kai-tsaye, kun san kunyar surukai. 'Yarta ta juya ta kalla ta ce, "Ke, tambayi mijin naki, injin markaɗe ya saka a motar ne?" Har muka shiga Zariya ba ta ajiye carbi ba.

Washegari na kai wa bakanikena. Ya cire taya, ya zaro fad ya miƙo mini. Babu nama ko na rantsuwa, ƙarfen baya ne zalla, ya yi sheƙi. Faifan kuwa ya yi layi-layi kamar kunyoyin gona. Na ce a kai wa masu injin kankare ƙarfe su goge shi mana. Ya ɗauko ma'auninsa ya gwada, sannan ya kankare tsatsar gefen faifan ya nuna mini wani rubutu da ban taɓa sanin yana nan ba: mafi ƙarancin kaurin da aka yarda faifan ya kai, milimita 26. Sabo yana zuwa da 28. Nawa ya riga ya sauka ƙasa da 26 tun kafin a taɓa shi. Ya ce, "Alhaji, in aka ƙara goge wannan, faifan tuya zai koma." Ban je Makka ba, amma duk ranar da kuɗi za su fita daga aljihuna Alhaji yake kira na.

Ya faɗi kuɗin kaya, zuciyata ta raya mini cewa ya ɗora nasa a kai. Na ce ya bari, ni zan sayo da kaina. Daren nan na kwana a YouTube. Kafin asuba na zama gwani: na san akwai fad mai haɗin ƙarfe, mai kama da kyau da jure zafi amma yana baƙanta wili da ƙura yana kuma cin faifai, akwai na siramik mara hayaniya mara ƙura mai tsada, akwai mai laushi mai araha da ke saurin ƙarewa. Na tashi uwargida na yi mata bayani. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta juya.

Na shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa ina taku ɗai-ɗai. Wani saurayi a shago ya tambaye ni, "Oga, na gaba ko na baya? Wace shekara? Sabo ko Beljiyam?" Na ce na gaba, siramik, da muryar wanda ya yi shekara ashirin a harkar. Ya jero mini kwali uku, ya ce wannan na kamfani ne, wannan mai bi masa, wannan kuma "shi ma yana yi". Duk ilimin daren jiya ya tsaya a kan farashi, na ɗauki na tsakiya don kada a raina ni. Ya ce ina tsohon, a gwada? Na ce ba sai an gwada ba, Sienna ai Sienna ce. Da ya sake tambayar shekara sai na ce 2012, don akwai mutane a shagon kuma ba na so a san motata ta tsufa. Faifai kuma na sayi guda ɗaya, tunda na dama ne ya fi lalacewa.

Bakanike ya buɗe leda ya yi shiru. Sannan ya kira yaransa su zo su gani. Sienna ta canza ƙira daga 2011, fad ɗin da na kawo ya ƙi zama a gurbinsa ko ta wace fuska. Ya ɗaga faifan tilo ya ce, "Alhaji, in takalminka ya tsinke, wari ɗaya kake saye?" Birkin gaba tare ake canza shi, hagu da dama, in ba haka ba ɗaya ya fi ɗaya kamu, mota ta riƙa fizgar ka gefe. Na koma kasuwa a adaidaita sahu, tsohon fad a leda, na faɗi shekarar gaskiya a hankali. Saurayin bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Maƙwabcinsa ne ya yi.

Bayan la'asar aka ɗaure taya ta ƙarshe. Bakanike ya wanke hannu da fetur da omo, ya ce, "Bari in yi salla, kada ka taɓa motar." Ni kuwa na yi tawa tun a kasuwa, yara suna jira a Islamiyya, kuma mota tawa ce. Na shiga na tayar, na sa ribas.

Abin da bidiyon daren jiya ya faɗa a ƙarshe, lokacin da barci ya riga ya ɗauke ni, shi ne: idan za a saka sabon fad sai an tura fistin ɗin birki ya koma ciki, don haka kafin mota ta motsa dole a yi ta taka birki har ya yi tauri, fistin ya dawo ya matse fad. Ni takawa ɗaya na yi. Ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Motar ta ci gaba da tafiya baya a natse, ba sauri ba tsayawa. Na kai hannu neman birkin hannu na damƙo robar ruwa, domin na Sienna a ƙafar hagu yake, abin da na sani shekara shida amma ya gudu daga kaina a daƙiƙar nan. Na ce "Innalillahi", na ce "ku kauce", har hon na danna wa abin da ke bayana.

Teburin mai shayi ne ya tsayar da ni. Kiret uku na ƙwai ke kansa, ƙwai 90, bai fi bakwai suka tsira ba. Mai shayin ya fito daga masallaci tare da bakanike, ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Maigida, a soya maka ne ko a haka za ka tafi da su?" Bakanike bai ce uffan ba. Ya shiga motar ya taka birki sau biyar, shida, ya yi tauri kamar dutse, ya fito ya miƙo mini makulli. Na biya kuɗin aiki, kuɗin ƙwai, kuɗin ƙafar tebur, na kuma biya kuɗin fitilar baya da ta fashe, wadda shi ya sayo da kansa washegari ban tambayi farashi ba.

A gida na ce wa uwargida an gama, an saka mai kyau, wayo ya yi rana. Ta dubi bayan motar ta ce me ya sa take ƙarnin ƙwai. Na ce sabon birki haka yake yi kwana biyun farko.

Ran Juma'a muka fita gaba ɗaya gaishe da Hajiya. Gaba shiru, sitiyari lafiya lau, har na fara yi wa yara bayanin siramik. A danjar farko na taka birki, sai ga wani siririn tsiiii ya taso daga tayar baya. Na miƙa hannu wajen rediyo, uwargida ta riga ni, ta kashe.